Csound ya yi shiru duk da zaɓuɓɓukan da na jera masa, ina matsalar take?

Ɗan'uwa, na karanta tambayarka da kyau. Ka ce ka samo wani fayil na Csound, manhajar haɗa sauti da kiɗa, da aka rubuta don Cabbage, manhajar da ke yi wa Csound fuska mai maɓallai, kana so ka kunna shi kai tsaye daga layin umarni a Linux, ka buga shi da kibod ɗinka na MIDI, wato kibod ɗin kiɗa da ke aika wa kwamfuta saƙon maɓallin da aka danna. Da farko shiru ka ji, sai ka shiga ƙara zaɓi a kan zaɓi, duk wanda ka tsinta, har layin ya koma haka:

`csound -d -m0 -odac -b1024 -B256 -r48000 -m1 kida.csd`

Yanzu kuma wani lokaci ya ce maka na'urar sauti ba ta buɗuwa, wani lokaci ya tashi lafiya amma ka danna kibod ko motsi babu.

Ka dakata da ƙari tukuna. Abin da ke gabanka ba matsala ɗaya ba ce, matsaloli ne suka hau kan juna, kuma layin da ka rubuta ya rufe bakin wanda zai iya gaya maka su. Csound manhaja ce mai yawan bayani. Duk abin da ta karɓa, da inda za ta kai sautin, da ƙarfin sautin da ta samar, tana faɗa a kan allo. Aikinka shi ne ka gano abin da ta karɓa a zahiri, domin sau da yawa ya sha bamban da abin da kake zaton ka ba ta.

Mu fara da `-m0`. Wannan zaɓi yana rage saƙonnin da Csound ke bugawa, kuma lambar da ke bayansa jimilla ce ta wasu ƙananan lambobi: 1 na nuna ƙarfin sauti, 2 na nuna samfuran sautin da suka wuce iyaka, 4 na gargaɗi, 128 kuma na lissafin lokacin da aikin ya ci. In ba ka taɓa shi ba, 135 yake, wato duka huɗun a haɗe. Sifili yana nufin ka ce mata ta kama bakinta. Mai neman gyara ba ya yin haka. Sannan a ƙarshen layin ka sake rubuta `-m1`, wanda na tabbata kibod ɗinka kake nufi da shi, na'ura ta 1. To na'urar MIDI da babban baƙi ake kiranta, `-M1`. Ƙaramin baƙin da ka sa ya mayar da matakin saƙonni 1 ne kawai, gargaɗi yana nan a kashe, kuma ba a buɗe wata ƙofar MIDI daga wannan layin ba ko kaɗan. Csound ba za ta yi ƙorafi ba, tunda `-m1` umarni ne halastacce a wurinta. Irin wannan tarkon yana da yawa a cikinta: `-f` na nufin a rubuta fayil da lambobi masu ɗigo, `-F` na nufin a karanta fayil na MIDI, `-t` saurin kiɗa ne, `-T` kuma a tsaya idan fayil ɗin MIDI ya ƙare, `-l` tsarin samfur ne na bit 32, `-L` kuma karɓar umarnin kiɗa layi-layi yayin da ake cikin aiki. Sa `-m7` ka bar shi haka har ka gama gyara. Shi `-d` ba ya cutarwa, zanen tebura kawai yake hanawa, bar abinka.

Abu na biyu, wanda ya fi ɓata wa mutane lokaci, shi ne zaton cewa layin umarni kaɗai Csound ke saurare. Wurare biyar take ɗebo zaɓuɓɓuka, a jere, kuma na baya yana danne na gaba idan sun yi karo. Akwai nata na asali. Akwai fayil ɗin `.csound6rc` da ke babbar foldarka, ko wanda `CSOUND6RC` ya nuna. Akwai wani `.csound6rc` ɗin idan yana cikin foldar da kake tsaye. Akwai sashen `<CsOptions>` da ke saman fayil ɗin kiɗan. Sai layin umarni a ƙarshe. Ka lura da sharaɗin: idan sun yi karo. Abin da ba ka ambata a layin umarni ba, yana nan yana aiki daga inda aka rubuta shi. Su kuma fayilolin da sunansu ya fara da ɗigo ɓoyayyu ne, `ls` ba ya nuna su sai ka ce `ls -a`.

Buɗe `kida.csd` ka dubi `<CsOptions>`. Tunda daga Cabbage ya fito, da wuya ka rasa wani abu mai kama da wannan:

`-n -d -+rtmidi=NULL -M0 --midi-key-cps=4 --midi-velocity-amp=5`

Wannan layin daidai yake a gidansa. Cabbage ita ke riƙe da katin sauti da MIDI, ita ke miƙa wa Csound saƙon kibod ta karɓi sautin da hannunta, don haka take ce wa Csound kada ta fitar da sauti da kanta, wato `-n`, kada kuma ta buɗe direban MIDI na gaske, wato `-+rtmidi=NULL`. Ka fitar da fayil ɗin daga Cabbage, waɗannan biyun sun zama su ne shirun da ka fara ji. Da saƙonni a buɗe suke, da ka ga inda ta ce `not writing to sound disk`. Kuma ko da ka gyara `-m1` ya koma `-M1`, kibod ba zai yi magana ba matuƙar direban MIDI yana kan NULL. Hanya mafi tsafta yayin gwaji ita ce ka ce ta yi watsi da sashen baki ɗaya da `-+ignore_csopts=1`, ka rubuta duk abin da kake so da hannunka. Ni na fi son haka a kan goge-goge a cikin fayil, domin gobe za ka so ka mayar da shi Cabbage.

Yanzu a raba matsalar gida biyu, domin samar da sauti daban, isar da shi lasifika daban. Barry Vercoe ya fitar da Csound a MIT a 1986, jikanyar manhajar MUSIC ce da Max Mathews ya fara a Bell Labs a 1957, kuma a wancan zamanin lissafa sauti ake yi a zuba a fayil, a saurara daga baya. Fitar da sauti nan take ya zo ne bayan haka. Shi ya sa har yau, in ba ka ba ta `-o` ba, fayil mai suna test take rubutawa ta yi shiru. Wannan tsohuwar ɗabi'a ita ce makaminka mafi kyau. Ajiye fayil ɗinka gefe, rubuta ƙaramin na gwaji, ka kira shi `gwaji.csd`:

```
<CsoundSynthesizer>
<CsInstruments>
sr = 48000
ksmps = 32
nchnls = 2
0dbfs = 1
instr 1
  a1 oscili 0.2, 440
  outs a1, a1
endin
</CsInstruments>
<CsScore>
i1 0 5
</CsScore>
</CsoundSynthesizer>
```

Sai ka ce `csound -m7 -W -o gwaji.wav gwaji.csd`. Kada ka yi gaggawar saurare, karanta abin da ta buga. Nemi layin da ya fara da `writing`, ƙarshensa zai gaya maka inda sautin ya tafi. A ƙasa kuma akwai `overall amps`, wanda a nan ya kamata ya nuna kusan 0.2 sau biyu, hagu da dama, sai `overall samples out of range` da sifili biyu, sai `0 errors in performance`. Waɗannan layukan uku su ne alƙalai. In `overall amps` ya nuna lamba mai ma'ana, injin lafiyarsa ƙalau, laifin yana kan hanyar zuwa lasifika. In ya nuna sifili, babu wani zaɓin katin sauti a duniya da zai taimake ka, domin ba a samar da komai ba tun farko.

Layin `0dbfs = 1` ya cancanci a tsaya a kansa. Shi ke faɗin lambar da ake ɗauka a matsayin ƙololuwar ƙarfi. In ba a rubuta shi ba, Csound na ɗaukar 32768, gado daga zamanin bit 16. Ka ga kenan kayan kiɗan da aka rubuta da ƙarfi 0.5, in aka manta wannan layin, zai fito kusan desibel 96 ƙasa da ƙololuwa, wanda kunne ba zai ji ba sam, alhali Csound tana cewa babu kuskure ko ɗaya. Juyin wannan ya fi haɗari: tsohon fayil mai ƙarfi 10000 ka tilasta masa `--0dbfs=1`, sautin zai daki iyaka ya tsage da ƙarfin gaske. Don Allah duk lokacin da kake gwajin fayil ɗin da ba kai ka rubuta ba, cire iyafis daga kunne, rage lasifika. Ji ba ya dawowa idan ya tafi.

In gwajin fayil ya wuce, sai a koma `-odac`, da wannan ƙaramin fayil ɗin dai, ba naka ba tukuna. Ka kula da rubutun: duk sunan da Csound ba ta gane a matsayin na'ura ba, sunan fayil ne a wurinta. Ka zame ka rubuta `-odca`, za ta rubuta maka fayil mai suna dca ta gama cikin daƙiƙa ɗaya ba ƙorafi. In ka ga kiɗan minti uku ya ƙare kafin ka ɗaga yatsa, fayil aka rubuta, duba foldarka.

Saƙon da kake samu na cewa na'ura ba ta buɗuwa, galibi `Device or resource busy` ne. A Linux na yanzu akwai manhajar da ke zaune a kan katin sauti tana raba shi ga kowa, PipeWire ko PulseAudio ko JACK. Idan Csound ta nemi ta buɗe katin kai tsaye alhali waccan tana amfani da shi, sai a hana ta. Abin da ya sa yake faruwa wani lokaci kawai shi ne, waɗannan manhajojin kan saki katin idan babu mai kunna komai, su sake kama shi da zarar burauza ko wani abu ya yi sauti. Kada ka bar zaɓin direba ga sa'a, ambace shi: `-+rtaudio=alsa -odac` zai bi ta na'urar asali ta ALSA, tsarin sautin Linux, wadda a yawancin kwamfutoci take ratsawa ta PipeWire ko PulseAudio, ba rigima. Akwai kuma `-+rtaudio=pulse` da `-+rtaudio=jack`. In kana son katin kai tsaye don rage jinkiri, `aplay -l` zai nuna maka lambobin katuna, sai ka ce `-odac:hw:1,0` misali, kati na 1 na'ura ta 0. Amma `hw` ba ya sassauci, abin da katin ke iyawa kaɗai yake karɓa. `plughw:1,0` shi ke juya adadin samfur da tsarinsa idan ba su dace ba. Yadda ake kiran na'ura ya danganta da direba: PortAudio, wanda shi ma direba ne, lamba yake so, kamar `-odac2`, ALSA suna yake so bayan ruwa biyu. Ka ba PortAudio lambar da babu, irin `-odac99`, zai jero maka duk na'urorin da ya gani kafin ya fita, ko ka yi amfani da `--devices`.

Sai `-b` da `-B`, waɗanda ka juya. Ƙaramin `-b` shi ne yawan samfuran da Csound ke miƙawa a kowane zuwa, babban `-B` kuma girman ma'ajiyar da katin ke sha daga ciki. Kamar bokiti ne da tanki: famfon tanki a buɗe yake ba ya tsayawa, Csound ke ɗebowa da bokiti tana zubawa, in tankin ya ƙafe kafin bokiti na gaba ya iso, nan ne kake jin ƙas-ƙas. Kai kuwa ka ba ta bokitin 1024 da tankin 256. Csound kan gyara lambobin da ba su dace ba da kanta, ta faɗi abin da ta koma a layin `audio buffered in`, amma gyaran da ba kai ka zaɓa ba ba abin dogaro ba ne. Ƙa'idar da nake bi: `-b` ya rabu da `ksmps`, wato yawan samfuran da Csound ke lissafawa a kowane zagaye, ba saura, `-B` kuma ya zama ninkin `-b` sau biyu zuwa takwas, a cikin jerin 256, 512, 1024, 2048. Na asali a Linux 256 ne da 1024, a macOS 1024 da 4096, a Windows 4096 da 16384. Lissafin jinkirin mai sauƙi ne, raba `-B` da adadin samfur a daƙiƙa. 1024 a kan 48000 ya ba da kusan milisakan 21, wanda yatsa ke iya jurewa. 16384 a kan 44100 ya haura milisakan 370, ba mai iya buga kibod da wannan. Fara da manyan lambobi har sautin ya tsaya tsaf, sannan ka riƙa ragewa rabi-rabi har ka ji ya fara kakkatsewa, ka koma mataki ɗaya baya. In har da manyan lambobi yana kakkatsewa, ba ma'ajiya ba ce, kwamfutar ce ba ta cim ma lissafin, sai ka ɗaga `ksmps` daga 32 zuwa 64 ko ka rage nauyin kayan kiɗan.

Game da `-r48000`, ba laifi ba ne a kan kansa, amma ka san abin da yake taɓawa. Lambobi uku ne a ɗaure da juna: `kr`, yawan zagaye a daƙiƙa, dole ya zama `sr`, adadin samfur a daƙiƙa, a raba da `ksmps`. 48000 a raba da 32 ya ba da 1500. Tsofaffin fayiloli kan rubuta duka ukun, 44100 da 4410 da 10, kuma in lambobin da ke kan fayil ba su yi daidai da juna ba Csound ƙin tashi take yi. Shawarata, a kan fayil rubuta `sr` da `ksmps` kawai, bar ta ta lissafa `kr`. In za ka canza daga layin umarni, ba ta biyun tare, `--sample-rate=48000 --ksmps=32`. Da JACK kuwa babu ciniki, adadin samfur ɗinka dole ya zama irin nasa ko ya ƙi haɗuwa. Kuma in wata rana ka ji komai ya ɗan hau sama ya ƙara sauri, sautin 44100 ne ake kunnawa a 48000; bambancin ya kusa tazarar maɓallin kibod ɗaya da rabi, kunne na kama shi nan take.

To, MIDI. Bayan ka kawar da NULL, ka ce `-+rtmidi=portmidi -Ma`, wannan `a` ɗin na nufin ta saurari duk na'urorin da ke haɗe, sai ka huta da neman lamba. In kana son guda ɗaya, `-M99` zai jero su. Csound na kai tashar MIDI ta 1 ga `instr 1`, wato kayan kiɗa na 1 a fayil, ta 2 ga `instr 2`, haka har gaba, sai in an canza da `massign`. Kibod ɗin da ke aikawa a tasha ta 3 ba zai ta da `instr 1` ba matuƙar akwai `instr 3` a fayil ɗin. Su kuma `--midi-key-cps=4` da `--midi-velocity-amp=5` da muka gani a sama, kada ka manta ka dawo da su tunda ka yi watsi da `<CsOptions>`. Su ke zuba muryar maɓallin da ka danna a `p4`, ƙarfin dannawar a `p5`. Babu su, kayan kiɗan zai tashi da sifili a wuraren biyu, ka sake jin shiru. Ka tabbata kuma sashen `<CsScore>` yana riƙe da Csound a buɗe, da layi irin `f0 3600` wanda ke ba ka awa guda, in ba haka ba tana iya rufewa kafin ka kai hannu.

Akwai shiru na ƙarshe da nake jin za ka ci karo da shi, kuma shi ba zaɓin da ke maganinsa. Fayilolin Cabbage suna karanta maɓallan murɗawa na fuskar manhajar da `chnget`. A wajen Cabbage babu fuskar, babu mai zuba lamba a waɗannan tashoshin, sai kowace ta ba da sifili. In ƙarfin sautin ana ninka shi da `chnget "gain"` misali, komai zai tafi daidai, za ka ga Csound tana karɓar maɓallan da kake dannawa, amma `overall amps` ya tsaya a sifili. Maganin yana cikin fayil: a saman `<CsInstruments>`, bayan `0dbfs`, rubuta `chnset 0.5, "gain"`, ka yi haka ga kowace tasha, kana kwafo lambobin farko daga sashen `<Cabbage>`. In kuma fayil ɗin yana kiran umarnan da sunansu ya fara da cabbage, irin `cabbageGetValue`, Csound zalla ba ta san su ba, za ta tsaya tun wurin karanta fayil, sai an musanya su. `--syntax-check-only` zai nuna maka wannan ba tare da an taɓa katin sauti ba.

Ƙananan abubuwan rubutu ma na kayar da mutum. Dogayen zaɓuɓɓuka masu karan ɗori biyu alamar daidai suke so ba tazara, `--output=kida.wav`, ka raba su da tazara, ta ce ba ta san zaɓin ba. Layin da aka kwafo daga takardar da aka ƙawata, karan ɗori biyun kan narke su zama dogon layi guda wanda ido ba ya bambancewa, Csound kuma ta ɗauke shi sunan fayil. Sake buga shi da hannu. Sunan fayil mai tazara a ciki sai an rufe shi da alamar zance. Kada kuma ka ɗauko zaɓi daga wata manhajar ka kawo nan don baƙin iri ɗaya ne. A FluidSynth, `-F` fitar da sauti zuwa fayil ne, `-o` kuma saita wani siga ne na ciki, duka biyun ba abin da suke yi a Csound ba kenan. A SoX ma wurin da ka ajiye zaɓi shi ke yanke ma'anarsa: `-r 48000` kafin fayil ɗin fitarwa yana juya adadin samfur, kafin fayil ɗin shigarwa kuwa yana ƙaryata abin da ke rubuce a kansa ne, muryar ta canza.

Ga layin da zan so ka gwada, bayan ƙaramin fayil ɗin gwaji ya yi sauti ta lasifika:

`csound -+ignore_csopts=1 -m7 -d -+rtaudio=alsa -odac -b128 -B1024 -+rtmidi=portmidi -Ma --midi-key-cps=4 --midi-velocity-amp=5 kida.csd`

Daga nan abu ɗaya za ka riƙa canzawa a kowane gwaji, kana duba layin `writing` da na `overall amps`. In ya tsaya daidai, kwashe zaɓuɓɓukan katin sauti da na MIDI ka zuba a `.csound6rc` na babbar foldarka, tunda na kwamfutarka ne, ba na kiɗan ba. In kuma har yanzu da saura, ƙara `2> rahoto.txt` a ƙarshen layin, domin ta wannan ƙofar Csound ke fitar da saƙonninta, ka turo min rahoton gaba ɗayansa tun daga layin farko mai nuna sigar Csound, tare da sashen `<CsOptions>` da abin da `aplay -l` ya nuna maka.